Rapier: tsinke, basilla ko masoki?

1/ Jama'a, a taya ni da kalmar Hausa ta rapier, wato siririn takobin Turawa da ake suka da shi. Masu bitar shirin Game of Thrones, wanda tashar HBO ta nuna daga 2011 zuwa 2019, kowane ƙarfe takobi suke ce masa. To da wane baki za mu faɗi cewa makaman shirin ba 'yan zamani ɗaya ba ne?

2/ Barden Westeros, ƙasar da labarin ya gudana, ƙaton takobi yake riƙewa da hannu biyu, irin na Turai a ƙarni na 14 da 15, ga sulke har wuya. Ita kuwa yarinyar nan Arya, siririn da ɗan'uwanta Jon Snow ya ba ta, da salon da malaminta Syrio Forel ya koya mata na tsayuwa a kaikaice, dangin rapier ne. Wannan makamin 'yan birni ne a Sifaniya da Italiya a ƙarni na 16 da 17, ana rataya shi kan kayan ado, don faɗa da wanda bai sa sulke ba.

3/ Da farko shirin ya san da haka. Syrio ya zubar da dogarai da takobin katako, amma da ya gamu da barde Meryn Trant cikin cikakken sulke, katakon ya karye. Sai ga kashi na 7, a 2017, Arya tana kaɗe saran Brienne, ƙatuwar jaruma mai ƙaton takobi, da wannan ɗan siririn ƙarfe, hannu ɗaya, wuyan hannunta ko gezau. Haba!

4/ Takobinmu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, aikinsa sara. Kansakali ma shi ne. Bisalami lanƙwasasshe ne, ku ajiye wa Dothraki, ƙabilar mahaya dawaki ta cikin shirin. Babu wanda ya dace.

5/ Wani ya ce tsinke. Malam, tsinke karyewa yake yi, kuma sai a zaci abin ba nauyi, alhali rapier na gaske ya kai kilo 1, ruwansa wajen mita 1. Basilla ta fi, tunda sunan takobin Arya ma allura yake nufi, sai dai hankali wajen dukawa zai tafi.

6/ "Takobin suka" ya yi daɗi a baki, a rubuce ne yake ba da matsala. Karanta "takobin suka ɗauka" ka gani: wane takobin? Su wa? Sara-suka kuwa 'yan daban Bauchi da Jos sun riga mu.

7/ Ni dai masoki na tsaya, bisa tsarin magirbi da mabuɗi, jam'i masokai. A farkon rubutu a ce takobi masoki, daga nan masoki kawai: Brienne mai sara ce da takobi, Arya masoki take riƙe, kuma ba a ƙera masoki don ya sha saran hannu biyu ba. Wanda ya taɓa jin wani suna a bakin maƙeran garinsu, ya kawo.