Bayan abin da muka gani a kullen korona, maganar wa za mu ɗauka?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da 'yar rumfa a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake sayarwa. Wata magana ce ta haɗa ni da yayana, na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai warware mini.

Masu riga-kafin mashaƙo sun shigo unguwarmu, Yaya ya ce ba mai taɓa masa yara. Da na same shi sai ya ce, "Waɗanda suka ce mana hawan jini ne ke kashe dattawa a 2020, su ne yau za su gaya mini abin da ke kashe yara?" Wallahi na rasa ta cewa, don ni ma ina Kano aka yi komai.

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka ce an samu mutum na farko mai korona a Kano. Ranar 16 gwamnatin jiha ta kulle gari, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu. Mu masu rumfa da sauƙi, akwai ɗan abin da aka ajiye. Amma yaran da ke mana dako, da 'yan adaidaita sahu, da masu shayi, hannu baka hannu ƙwarya suke yi, sai sun fita ake ɗora tukunya. An ce su zauna a gida, ba a ce ga abin buɗa baki ba.

Ana cikin haka sai mace-mace suka ɓarke. Farfesoshi, manyan malamai, tsofaffin ma'aikata, har Sarkin Rano ya rasu a farkon Mayu. Masu haƙa kabari suna gaya wa 'yan jarida ba su taɓa ganin irin wannan ba. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, a daidai lokacin da cibiyar gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ta yi kwanaki a rufe. To da me aka gane ba korona ba ce? Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sila. Ƙanin mahaifinmu na cikin waɗanda suka tafi a lokacin. Mun zaga da shi asibitocin kuɗi, ko ƙofa ba a buɗe mana ba.

Abin da ya fi tsaya wa Yaya a rai shi ne jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaba Buhari. An hana mu Juma'a, an ce kada a taru, sai ga manya a maƙabartar Gudu a Abuja kafaɗa da kafaɗa, ana nuno su a talabijin. Ga kuma rumbunan kayan tallafi da aka fasa a watan Oktoba, a Jos da Legas da sauran garuruwa, maƙare da taliya da shinkafa, alhali an yi azumi cikin yunwa.

Ni na yarda akwai cutar, na ga gawa. Tambayata ita ce, tunda likita da ɗan siyasa a tebur ɗaya suke zama su yi mana sanarwa, ta yaya talaka zai rarrabe maganar ilimi da maganar gwamnati? Kuma in wata annoba ta zo gobe aka ce a kulle, wa zai ji?

Maman Hanif:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baffanku, ya sa ya huta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bakin aiki a lokacin, don haka ba zan kare kowa ba. Asibitocin da suka ƙi buɗe muku tsoro ne ya hana su, ba kayan kariya, ba wurin gwaji, likitoci da dama a Kano sun kamu. Kuma ina ganin wannan rufewar ita ma ta kashe mutane, don mai ciwon suga ko hawan jini in ya rasa inda za a duba shi, ko babu korona yana cikin haɗari. Ka ga bayanin gwamnatin jiha akwai ɓurɓushin gaskiya a ciki, laifinta shi ne ta yanke hukunci kafin a auna.

A nan ne ma za ka samu ma'aunin da kake nema. Mai ilimi yakan gaya maka abin da ya auna, in sabon bayani ya zo ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya da farko ba ta ce kowa ya sa takunkumi ba, sai a watan Yunin 2020 ta sauya shawara da hujjoji suka taru. Mutane suka ɗauki wannan a matsayin ruɗewa, ni kuwa shi ya sa na ƙara yarda. Wanda nake tsoro shi ne wanda tun ranar farko ya san komai, kuma amsarsa kullum ita ce wadda ba za ta ɓata masa suna ba.

Mashaƙo kuma don Allah ka raba wa Yaya ita da korona. Tsohuwar cuta ce, allurarta ta girmi iyayenmu. Tana cikin penta ɗin da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14, yaran da suka tasa kuma akwai tasu mai suna Td. Cutar takan shimfiɗa wata fata mai toka-toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe. A ɓarkewar 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yaran da ba a yi wa allura ba ne. In bai yarda da masu bi gida-gida ba, ya ɗauki yaran da kansa ya kai su asibitin sha-ka-tafi, wurin ma'aikaciyar da matarsa ta saba zuwa awo.

Baffa Na Ƙofar Mata:

Yaro, rashin yardar nan ta girmi korona. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka ce a 2003 allurar shan inna na hana haihuwa, maganar ta samu wurin zama, har gwamnatin Malam Shekarau ta dakatar da ita, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ku duba yadda aka dawo da mutane. An tura kwamiti ya duba, aka sayo allurar daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka ci gaba a 2004. Marigayi Sarki Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a gaban jama'a. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, limamai suka yi huɗuba. Shekaru aka ɗauka, har da ran ma'aikata mata tara da aka harbe a Kano a 2013, kafin a ce Afirka ta rabu da shan inna a watan Agustan 2020. A korona kuwa, sanarwa ake karantowa daga Abuja da Turanci kowace yamma, da alƙaluman da ba su yi kama da abin da muke gani a maƙabarta ba. Yayanka ba zai ji minista ba. Ka nemo wanda yake jin nauyinsa a unguwa, wanda ya riga ya kai nasa 'ya'yan.

Ɗan Damagaram:

Ni ban yarda a ɗora wa gwamnati komai ba. A wurinmu a Nijar da aka rufe masallatai, matasa sun ƙona tayoyi a Mirriya, a Yamai ma an yi ta arangama da 'yan sanda gab da azumi. Ba wanda ya jira ya ga ko an ɓoye tallafi, tun ranar farko aka ce makircin Turawa ne. Ku ma a Kano yara sun bi titi suna ihun babu korona. Alhali kowa ya ga an dakatar da Umra, ya ga filin ɗawafi fayau, Hajjin 2020 ma mazauna Saudiyya kaɗai suka yi. Kuma tun muna makarantar allo muka san Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Mutanenmu sun fi son saƙon murya na WhatsApp a kan maganar likita, ko da wace irin gwamnati ce a kai.

Ɗan Kwari:

Na gode Hajiya, na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Malam na Damagaram, na ji taka, kuma yaran da suka yi ihun nan na gan su. Amma ka zo ka ga yadda dokar kanta ta kasance a wurinmu. A watan Mayu aka ce an sassauta, a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a yi cefane. Garin da ke da miliyoyin mutane, ka tara musu sayayyar mako a sa'o'i shida-shida na kwana biyu. Na je neman kayan miya a irin wannan ranar, ko a jajiberin sallah ban taɓa shiga turmutsutsu kamarsa ba, ba masaka tsinke. An ce an rufe iyakokin jihohi, amma direbobi sun san nawa ake miƙawa a kowane shinge, gwamnoni kuma na ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su garuruwansu, wasunsu aka auna a Kaduna aka same su da cutar. Wanda ya ga wannan da idonsa, ka ce masa likitoci ne suka tsara dokar, to likitocin zai raina. Hajiya, ke da kike ciki, an taɓa tambayarku kafin a sa ranakun nan biyu?