Nas Bahaushiya da alhaji maras Larabci: ina iyakarta?

Ummu Nana, Makka: Salamu alaikum. Lokacin aikin hajji ana kwantar da alhazanmu da ba sa jin Larabci, sai a kira nas Bahaushiya ta yi tafinta. Daga nan dangi su roƙe ta ta ɓoye wa Baba cutarsa, su nemi lambar wayarta, wani ya cusa mata riyal 100 a aljihu. Yaya za ta yi?

Sista Jidda: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tafinta ba ta ragi ba ta ƙari. Bayanin tiyata aikin likita ne. Ita ta fassara jimla-jimla, ta sa majinyacin ya maimaita da bakinsa, don tsofaffinmu "to" kawai suke cewa saboda kunya. Sannan ta rubuta a fayil: ƙarfe nawa, wane likita, wa ya fassara. Roƙon dangi kuwa a kai wa likita, kuma a tambayi Baba ko yana son ji.

Abu Sadik, Madina: Kuɗin nan ta mayar a gaban shugabar ɗaki. In dabino aka ba ta, a ajiye wa kowa. Lamba kam a'a: shawarar magani ta WhatsApp ba ta shiga fayil, in ta ɓaci lasisinta na Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ne a ciki.

Sista Jidda: Haka ne, Malam. Kuma in ta yi kuskuren rubutu a takarda, layi ɗaya za ta ja, ta sa hannu da lokaci. Gogewa kan jawo zargi.