Yawon hunturu Kano zuwa Daura da Katsina, wanda ya isa ya amsa

Na-Dala:
Salam jama'a. Mun dawo, mota ta sha ƙura har ba a gane kalarta, ga tsarabarku.

Mun bar Kano da asuba ana jaura,
Hazo ya shafe Dala, mu sai Daura,
A Kazaure mun sha shayi haɗe da ƙura,
Direba na tuƙi hannu cikin riga.

Rijiyar Kusugu tana cikin ɗaki,
Inda Bayajidda ya sare kan macijiya Sarki,
Ruwanta na sha, sanyi ya kama baki,
Ni na zura guga.

Na isa Katsina neman Gobarau,
Hasumiyar da ake kuri da ita tun Korau,
Na hau, ban hango komai ba garau,
Dala ta fi ta, ku bar yawan zuga.

'Yar Ɗakin Kara:
Yaya Na-Dala, hazo ya rufe maka ido sai ka ɗora wa hasumiya laifi? To karɓi.

Dala dutse ne, Allah ya dasa shi,
Ba kakanka ya kwaɓa ƙasa ya gina shi,
Barbushe ma tarar da shi ya yi ya hau shi,
Gobarau hannu ya yi ta, kawo taku mu gani.

Ganuwar Gijimasu fa, ina labari?
Rabi ta zube, rabi ta zama bola a gari,
Kun iya kuri, wajen gyara ba ku da shiri,
Sai yanka fili a ɗora gini.

Bazazzagi:
Wayyo Allah! Hajiya kin gama da shi, a kawo ruwa a yayyafa wa Bakano 😂 dama su ba su san gini ba sai kasuwa, wanda yake son ganin aikin ƙasa ya zo Zariya ya shiga cikin Masallacin Juma'a ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura tun wajen 1830 da wani abu.

Malam Mai Aruli:
Ba na shiga faɗan garuruwa, amma Na-Dala baitinka na biyu ya karye. "Ni na zura guga" gaɓa shida ce kacal, 'yan'uwanta sun haura goma. Kuma Hajiya ke ma ɗangonki na ƙarshe a baitin farko ya yi tsawo, amsa-amo dai kin riƙe shi.

Na-Dala:
Malam ai da gangan na gajarta shi, igiyar gugan ce ta ƙare. Hajiya kuwa:

Gidan Rumfa na nan tsaye ƙanwata,
Kurmi na ci tun kafin a haifi kakata,
Kofar Mata har yau ana rini, ki tambayi babata,
Ke da ɗakin kara, bari iska ta taso mu ga.

Bazazzagi kai ban da lokacinka, gyara bakan gizonka tukuna.

Malam Mai Aruli:
"Mu ga" da "riga" ba laifi. Amma ɗango na uku sai da na ja numfashi sau biyu. Waƙa ba lodin lori ba ce, in ka ɗauki kari ka tsaya a kansa, ko Mutadarik ko Kamil, ba ka fara da wannan ka ƙare da wancan ba.

'Yar Ɗakin Kara:
Malam don Allah a bar mu mu sha iska, makaɗan fada da suka yi wa sarakuna waƙa shekara da shekaru wa ya ba su Mutadarik? Kunne ne alƙali.

Malam Mai Aruli:
Su suna da kalangu da kotso suna riƙe musu kari, ke me ke riƙe miki, kibod?

Bazazzagi:
Ni dai ina bayan Hajiya ko ta karya goma.

Ɗan Hubbare:
Ku yi haƙuri sai yanzu na ga wanga zance, ina ƙauye babu sabis. Na ga an bar tafiya an koma ƙidayar gaɓa.

Kai Bakano, wanga yawo naka bai kai ba,
Ka tai Daura, Hubbaren Shehu ba ka zo ba,
Wurno inda Bello ya kwanta ba ka taka ba,
Shayi kas sha ka koma gida.

Shehu ya rasu 1817, Bello 1837, Nana Asma'u na nan kwance kusa ga mahaifinta kuma har yau mata na tahowa daga ƙauyuka ziyara. In ganuwa kuke gardama ku tai Surame ku ga ta Kanta Sarkin Kabi, da dutse anka yi ta, ku duka biyu sai ku yi shiru.

Na-Dala:
Baba Ɗan Hubbare ran ka ya daɗe, niyya ta kai, amma direba ya ce shi ba zai bi ta Jibiya ba ko an ninka masa kuɗi, ta Funtua da Gusau kuma mai ya yi mana yawa. Baitinka zan amsa shi gobe in leɓena ya warke.

Malam Mai Aruli:
"Gida" ba ta amsa "riga" ba, ba ta amsa "gini" ba. Baba da wa kake?

Ɗan Hubbare:
Da kai nike yanzu. Kawo naka baiti ɗaya mu auna.