Daga Birni zuwa Agadas: abin da aka ce a fadar shayi

Jiya a fadarmu ta unguwar Zango a Damagaram an tattauna batun ziyarar tsofaffin wurare. Dattawa suka ce a fara da gida: tsohuwar unguwar Birni, ragowar ganuwar Sarki Tanimun, da fadar Sarkin Damagaram, inda sai an nemi izinin dogarai kafin ɗaukar hoto. Damagaram ce hedikwatar Nijar har 1926, amma yaranmu da dama ba su sani ba.

Agadas kuwa, ta Tanut ake bi. A tafi lokacin hunturu, da rawani, jarkar ruwa da katin ɗan ƙasa, a kuma tambayi lafiyar hanya. Hasumiyar masallacin Agadas ta laka, mai tsawon mita 27, matakalarta ƙunci gare ta; wani ya ce mai tumbi ya jira a ƙasa, aka kwashe da dariya.