Zuwan farko Legas: a ina za mu sauka, ina kuma za mu ci abinci?

Ɗan Farm Centre:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ar waya nake yi a Kano, kuma maigidana ne ya saba zuwa Legas saro kaya. Bana ya ce in je da kaina. Zan tafi da iyalina, don tana son shiga kasuwar Balogun ta sayo leshin bikin ƙanwarta, ni kuma harkata a Computer Village take, babbar kasuwar waya da ke Ikeja. Ta jirgin sama za mu je. Na duba otal-otal a intanet har kaina ya ɗaure, kowanne hotonsa kamar fadar sarki. Waɗanda suka san garin, don Allah a wace unguwa ya dace mu sauka, kuma ina ake samun abincin da hankali zai kwanta da shi?

Mai Atamfa na Kwari:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai ku lafiya. Ajiye hotunan nan tukuna. A Legas ba otal ake fara zaɓa ba, ɓangaren gari ake fara zaɓa. Ruwa ya raba garin: ga tsibiri, inda Balogun da Idumota da Ikoyi da Victoria Island suke, ga kuma tudu, inda Ikeja da Agege da Oshodi da Yaba suke. Babbar hanyar da ta haɗa su ita ce gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Tun da asuba jama'a ke kwararowa daga tudu zuwa tsibiri wurin aiki, da yamma kuma su juyo gaba ɗaya. In ka faɗa cikin wannan gosulo, tafiyar rabin awa sai ta cinye maka awa biyu ko fiye.

Wani abokin cinikina ya taɓa kama min ɗaki a Ajah, can nesa bayan Lekki, da kyakkyawar niyya, wai wurin sabo ne ga sauƙin kuɗi. Ɗakin ba laifi, amma abin da na rage a kuɗin kwana na zuba shi a kuɗin mota, kuma kullum sai bayan isha nake komawa, jiki duk ya mutu. Tunda kai ne mai zirga-zirgar kullum, ka sauka a Ikeja, wajajen Allen Avenue ko Toyin ko Opebi. Filin jirgin Murtala Muhammed yana nan kusa, Computer Village kuma 'yar tafiya ce. Balogun ku ware mata yini guda, ku fita bayan sallar asuba, ku baro can kafin la'asar.

Uwar Biyu:
Alhaji ya gama magana a kan unguwa. Ni a kan ɗakin zan yi magana, tunda da mace za ka je, kuma abin da ke damun mace a masauki ba lallai namiji ya lura da shi ba.

Kada ka biya kuɗin kwanaki da yawa ta waya. Ka kama kwana ɗaya, in kun je kun ga wurin ya yi sai ku ƙara. Kafin ka miƙa ko sisi ka ce a nuna maka ɗakin, ka shiga banɗaki ka buɗe famfo. Na taɓa sauka wani wuri a ɓangaren Lekki, na tara ruwa a buta zan yi alwala, sai ga shi jaja-jaja, yana ƙarnin ƙarfe. Da ruwan gora na yi ta alwala har na bar wurin. Butar ma tawa ce na zo da ita daga gida, don yawancin otal ɗin can ba sa ajiyewa, haka ma dadduma.

Sannan ka tambaye su kai tsaye ko akwai mashaya ko gidan rawa a cikin otal ɗin. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Da rana za ka ga wuri tsit, mutanen kirki na shiga da fita, dare na yi sai kiɗa ya tashi har tagogi na rawa, ga mutanen da ba za ka so iyalinka ta haɗu da su a matakala ba. Yankin Allen yana da wuraren kirki, yana kuma da irin waɗannan, musamman daren Juma'a da Asabar. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta in babu wuta, saboda zafin Legas mai gumi ne, ba irin namu ba, ɗaki ba fanka ba ya kwantuwa. Kuɗin da suka faɗa maka kuma ka ji ko har da haraji, don manyan otal suna ɗora VAT kashi 7.5 cikin ɗari, da wani kashi 5 na jihar Legas.

Haifaffen Agege:
Yaya Alhaji, da girmanka, amma ni ban ga abin da zai sa baƙo Bahaushe ya tsallake Agege ba. A nan aka haife ni. Hausawa sun daɗe a unguwar nan, muna da Zango, muna da Sarkin Hausawa, kiran salla kuwa ta ko'ina kana jinsa. Da safe ga koko da ƙosai, ga waina da miyar taushe, ga mai shayi da burodin Agege mai zafi. Da dare tuwon shinkafa da miyar kuka, ga fura da nono. Naman ma ba ka da shakka a kansa, mayankar Oko-Oba tana nan kusa. Kuma tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agege zuwa Ikeja ba wani abu ba ne, tashar Ikeja kuwa dab take da Computer Village.

Mai Atamfa na Kwari:
Gaskiyarka ɗan'uwa, a wajen abinci Agege ba ta da na biyu, ni ma can nake zuwa cin tuwo in na gaji da shinkafa. Amma ka tuna yaron nan kaya masu tsada zai riƙa ɗaukowa. Gara tazarar da ke tsakanin kasuwa da ɗakinsa ta zama gajera. Ya kwana a Ikeja, ya je Agege ya ci abinci, ya gaisa da 'yan'uwa.

Ƙanena, kada ka sa rai da acaɓa kamar da, gwamnatin jihar ta hana su a Ikeja da tsibiri da wasu ƙananan hukumomi tun 2022. In kana ɗauke da kaya ka kira mota ta manhajar waya. Danfo kuwa, wato bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, a tasha kaɗai ake shigarsu. Kada ka tare wadda ta tsaya maka a bakin titi da dare, a irinsu ne 'yan wan-cans suke yi wa mutane fashi.

Ma'aikaci a Victoria Island:
Ni roƙona ɗaya, kada ku je Legas ku dawo ba ku ci abincin mutanen garin ba. Yarabawa Musulmi suna da yawa ƙwarai, kuma buka da dama, wato ƙananan gidajen abincinsu, za ka tarar Alhaja ce mai wurin. Ku nemi amala da miyar ewedu da gbegiri, ta wake ke nan, ko ewa agoyin, wato dafaffen wake da miyar yaji, da burodi da safe. In kun ga layin ma'aikata da tsakar rana a ƙofar buka, ku shiga, abincin bai kwana ba. Sai dai yajinsu ba wasa, ka ce a rage wa madam miyar ja. Inda ka ga ana sayar da giya ko naman daji, ka tambayi irin naman kafin a zuba maka, ba wanda zai ji haushi. Tsire kuma 'yan'uwanmu ne ke riƙe da shi a duk garin, daga Allen har Obalende.

Ɗan Farm Centre:
Allah ya saka da alheri, Alhaji da Hajiya da sauran 'yan'uwa. Ikeja za mu sauka in sha Allah. Saura tambaya ɗaya: ranar da za mu Balogun, jirgin ƙasan zai kai mu, ko sai mota? Muna tunanin ranar Alhamis.

Haifaffen Agege:
Jirgin a Oyingbo yake tsayawa, daga nan sai ku hau mota ku haye gadar Carter, a Idumota za ta sauke ku. Ka sayi katin Cowry tun a tashar Ikeja, da shi ake biyan jirgin da manyan bas ɗin nan na BRT, kuma ka duba lokutan tashinsa tun ana gobe. Dawowa da kaya kam sai mota. Amma ku sauya rana, Alhamis da safe ana tsaftar kasuwanni a Legas, shaguna ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 10. Ku je Talata ko Laraba.

Uwar Biyu:
Ka gaya wa ƙanwata ta sa takalmi mara tsini, ta riƙe jakarta a gaba, kuma kada ta saya a shagon farko, ta zagaya ta ji farashi. In azahar ta yi muku a can, babban masallacin Legas yana kan titin Nnamdi Azikiwe, da ƙafa za ku isa daga cikin kasuwar.