Tambaya: Snakemake na sake aikin da ya riga ya gama

Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa masu aikin bayanai. Ina neman taimako daga Maraɗi.

Aikin mataki huɗu ne a Snakemake 7, manhajar da ke gudanar da matakan sarrafa bayanai bi da bi: sauko da bayanan ruwan sama na CHIRPS na kullum tun daga 1981, yanke yankin jihar Maraɗi, tara jimlar kowane kwana goma na Dakoro, Tasawa, Mayahi da Madarumfa, sannan zana taswira. Mataki na biyu ne mai cin lokaci, kusan awa 5.

Lissafin mataki na uku kaɗai na gyara, amma `snakemake -n`, umarnin da ke nuna abin da za a yi ba tare da an yi shi ba, ya nuna zai koma tun daga yanke yanki. Dalili biyu nake zargi. An kwafo jakar aikin daga kebul da umarnin `cp` ba tare da `-p` mai riƙe lokacin asali na fayil ba, don haka lokacin gyaran fayilolin duk ya sauya, jakar `.snakemake` mai riƙe tarihin aikin ma ba ta biyo ba. Kuma wani ɓangare na sakamakon mataki na biyu yana cikin `temp()`, wanda ake gogewa da zarar an gama amfani da shi.

`--rerun-triggers mtime`, mai sa Snakemake ya duba lokacin gyaran fayil kaɗai, bai hana maimaita aikin ba. `--touch` kuwa, mai sabunta lokacin fayilolin sakamako don a ɗauke su a matsayin gamammu, tsoronsa nake, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta fayilolin 2019, kada ya ɗauki rabin fayil a matsayin cikakke.

Don Allah, yaya zan gane fayilolin da suka lalace kafin in yi `--touch`? Kuma in na sa `ancient()`, mai sa a daina duba lokacin fayil, a kan fayilolin CHIRPS, zai isa?