Me za mu kira kurokoyit da Hausa?

Ustaz, Damazin:
Salamu alaikum. Ga wani ma'adani da ba shi da suna a Hausa: kurokoyit, haɗin dalma da kuromiyam (wani irin ƙarfe) da oksijin, PbCrO4. Kamar dogayen allurai yake fitowa, ja mai ruwan goro, yana sheƙi. Asalin sunan Girkanci ne, krokos, wato za'afaran. Ni dai na kawo "jar dalma". Me kuka gani?

Injiniya, Wad Madani:
Wa alaikumus salam, Ustaz. Jar dalma tana da mai ita. Ita ce garin nan Pb3O4 da ake sawa a fentin hana tsatsa, babu kuromiyam ko ƙwaya a ciki. Gaskiya ne da aka fara samun naka a Berezof, cikin duwatsun Yural na Rasha, a shekarun 1760, "jar dalmar Saiberiya" aka ce masa. To amma a 1797 Vauquelin, masanin kimiyya na Faransa, ya gano kuromiyam a cikinsa, daga baya aka sake masa suna. Kada mu tsinci abin da masu shi suka yar.

Ɗan Maiurno:
Malamai, a yi mini afuwa, ba za a ce "jan tozali" ba? Ai daga dutsen tozali yake haihuwa: ruwa da iska su ci jijiyar tozali a kusa da saman ƙasa, dalmar da ke cikin tozalin ta haɗu da kuromiyam na dutsen da ke kewaye. Da wuya biyun su zauna wuri ɗaya, shi ya sa ba a cika samunsa ba.

Hajiya Likita, Sannar:
Bayaninka daidai ne, ƙanena, sunan ne a'a. Ranar da aka ce "tozali", wata za ta niƙa ta zizara wa jariri a ido. Guba biyu ce a dutse guda: dalma mai lalata ƙwaƙwalwar yara, da nau'in kuromiyam mai jawo sankara in ana shaƙar ƙurarsa. Ko "dutsen za'afaran" ban yarda da shi ba, don sai ya faɗa cikin shayi ko hannun mai magani. Dole kalmar dalma ta tsaya a gaba. Ku ce "dalmar za'afaran".

Injiniya, Wad Madani:
Na bi Hajiya. Ƙari ɗaya: kada kowa ya ce masa "dutsen kurum", wato dutsen kuromiyam. A nan Sudan wannan sunan baƙin ma'adanin da ake haƙowa a duwatsun Ingasana yake nufi, kuma raba su ba wuya. A goga a gindin kofin tangaran, inda ba a shafe ba: na Ingasana zane mai ruwan ƙasa yake bari, dalmar za'afaran kuwa rawaya mai ruwan lemu. Taurin na Ingasana 5.5 ne a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, ita 2.5 zuwa 3, ƙusa tana karce ta nan take. Nauyinta ninki 6 ne na ruwa, wato guntu mai giram 30 in aka jefa shi a kofin awo zai ɗaga ruwa da mililita 5 kacal. In ya ɗaga fiye da haka sosai, ko dai wani jan dutse ne daban, ko iska ta maƙale cikin alluran, don wasu rami gare su kamar tsinken shan lemo, ko kuma uwar dutsen na manne. A wanke hannu bayan gwaji.

Ustaz, Damazin:
Madalla. Dalmar za'afaran ke nan, kurokoyit kuma ya zauna kusa da ita a littafin ɗalibai. Mafi kyawunta daga Dandas take zuwa, a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, inda suka mai da ita tambarin ma'adaninsu a 2000.

Hajiya Likita, Sannar:
Wanda ya samu guntu ya rufe shi a akwati, nesa da yara da hasken rana, don haske na dusashe jan. Kuma ban da naɗewa da auduga, zaren yana kama alluran ya karya su.